Kebul ɗin elebeta na Cessna 172N ya fara tsinkewa a kan fuli, yaya ake canza shi?

Nura_Hanga ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman haske a kan wani aiki da ke gabanmu. Jirgin Cessna 172N ne, ƙirar 1978, ya shigo dubawar awa 100. Da aka bi kebul ɗin da ke ɗaga elebeta (fiffiken jela mai ɗaga hancin jirgi ko saukar da shi) sama da tsumma, sai tsumman ya maƙale daidai inda kebul ɗin ke hawa fuli (ƙaramar taya mai rami da kebul ke bi) a ƙarƙashin daɓe. An haska tocila, an ga sili 2 sun tsinke sun miƙe. Abokinsa mai saukar da elebeta ba a ga komai a jikinsa ba. Littafin jirgin bai nuna an taɓa canza ko ɗaya daga cikinsu ba.

Injiniya mai lasisi da nake ƙarƙashinsa shi zai sa hannu, amma ina so in shiga aikin da fahimta. Sili 2 cikin 133 sun isa a ce kebul ya tashi daga aiki? In za a canza, shi kaɗai za a cire ko har da abokinsa? Galbanais (ƙarfe mai rufin zinki) ya fi ko sitenles (ƙarfe mai jure tsatsa), ganin jirgin a arewa yake aiki? A yi oda ko a haɗa shi a hanga? Sannan ta yaya ake zura sabon ba tare da an ɓata hanyarsa ba, kuma tsauri nawa ake ba shi? Allah ya ƙara wa manya lafiya.

Injiniya_Bala ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Tambayarka ta farko ba ta da ja: kebul ɗin ya gama aiki. Littafin AC 43.13-1B na FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, babi na 7, ya ware wuraren da ƙarfe ke gajiya, wato duk tsawon da ke hawa fuli ko ke ratsa feyalid (ramin da ke riƙe kebul a kan layinsa) idan ana motsa sitiyari, da kuma ƙafa 1 daga bakin tamina (kan ƙarfen da aka matse a ƙarshen kebul). Ko sili 1 ne ya tsinke a irin wannan wuri, cirewa ake yi. Kebul 7x19 tufka 7 ne, kowace da sili 19, kuma duk sanda ya lanƙwasa a kan fuli silin ciki suna gugar juna inda ido ba ya kaiwa. Idan kun fito da shi, ka kama wurin da hannu biyu ka lanƙwasa shi ya yi zobe. Waɗanda suka tsinke a ɓoye za su miƙe, kuma galibi sun fi waɗanda tsumma ya kama yawa nesa ba kusa ba.

Shawarata a canza biyun. Shekarunsu ɗaya, hanyarsu ɗaya, kuma wahalar aikin tana wajen buɗe daɓe da sake saiti, ba wajen kuɗin kebul ba.

Kafin a taɓa sifana, a auna abin da aka tarar a rubuta: digirin tafiyar elebeta sama da ƙasa, da tsaurin kowane kebul. Sai a cire kujeru, kafet, bangon bayan wurin kaya da faranta na dubawa, a ɗauki hoton kowane fuli da kebul ɗin yana kai. Abin da ake so hoton ya nuna shi ne wanne kebul ke ramin dama, wanne ke na hagu, wanne ke sama da wanne, da inda suke wucewa kusa da na rada (fiffiken jela na tsaye mai juya hanci dama ko hagu) da na tirim (ɗan fiffiken da ke jikin elebeta) a cikin jela. A liƙa wa kowane ƙarshe takarda mai suna, sama ko ƙasa. A tallafe elebeta da abu mai laushi don kada ta faɗi kan madakatarta idan aka saki tsauri, a kuma rataya gargaɗi a sitiyari don kada wani ya zo ya ja.

Daga nan a cire kilif ko wayar kulle ta tanbokul (ganga mai zare da ake ƙara ko rage tsaurin kebul da ita), a sassauta gangar, a cire bol ɗin da ke riƙe kebul a belkiranki (hannun ƙarfen da kebul ke ja) na gaba da na baya. Taminar ba ta wucewa tsakanin fuli da fil ɗin tsaronsa, don haka dole a zare fil ɗin, wani wurin ma har fulin kansa. Kebul ɗaya ake cirewa a lokaci guda, ɗayan yana nan a matsayin shaida. A ɗaure igiya mai ƙwari ko siririyar waya a ƙarshen tsohon, a naɗe mahaɗin da tef don kada ya harɗe a haƙarƙarin jirgi, sai a ja tsohon daga ɗaya ɓangaren a hankali. Igiyar ta kwanta a hanyarsa, ita za ta jawo sabon. Idan an ji turjiya kada a fizga, a koma da madubi a ga abin da ya riƙe. A shimfiɗa tsoho da sabo gefe da gefe a ƙasa mai tsabta kafin a zura: tsawo, irin tamina, da hannun zarenta, dama ko hagu.

Yanzu ga abin da aka fi tsallakewa. Kebul bai cika tsinkewa a wuri guda haka siddan ba, akwai abin da ya ci shi, kuma in ba a gano ba sabon ma nan zai mutu. Ka cire fulin da ke wurin ka juya shi a yatsa. Idan boris ya ƙame, kebul ya daina mirgina fulin ya koma goga shi, za ka ga gefe ɗaya na ramin ya baje ya yi sulɓi. Idan ka ga sawun tufka ya zauna a ƙasan ramin daram, an daɗe ana ba shi tsauri fiye da kima. Idan leɓe ɗaya na ramin ya cinye ɗayan yana lafiya, fulin bai daidaita da layin kebul ba, sai a duba ko maƙalinsa ya lanƙwashe ko ya tsage. Fulin da sawun tsohon kebul ya zauna a cikinsa ba a ɗora masa sabo. A tuna kuma cewa fulin elebeta ba ya zagayawa gaba ɗaya, ɗan yanki kaɗai yake aiki a kai, shi ya sa ake juya shi a lokacin dubawa don wani gefen ya karɓi aiki. Feyalid kuma bai kamata ya karkatar da kebul fiye da digiri 3 ba.

Wajen mayarwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne kebul ya hau bayan fil ɗin tsaro maimakon ya bi ƙarƙashinsa a cikin ramin fuli. A ƙasa sitiyari zai motsa, ma'auni ma zai ba da adadi mai kyau, amma kebul ɗin yana cin fil ɗin kamar zarto, fil ɗin ma yana cin sa. Ido kaɗai ba ya wadatarwa a nan, a sa yatsa a taɓa kowane fuli a ji kebul yana cikin rami kuma fil yana samansa. Kowane fil mai tsaga da aka cire, sabo ake sawa. Bol ɗin da ke riƙe cokalin tamina a belkiranki ba a ɗaure shi tamau: notinsa mai rawani ne da fil, kuma dole taminar ta riƙa juyawa a sake, in ba haka ba kebul zai riƙa lanƙwasa a bakinta har ya gaji.

Injiniya_Rabi ta rubuta:

Na yarda da duk abin da Injiniya Bala ya kawo. Bari in ɗauko daga inda kebul ya shiga, domin saiti shi ne rabin aikin.

A manuwal na wannan jirgi, tsaurin kebul ɗin elebeta laba 30 ne, da rangwamen 10 sama ko ƙasa, wato kusan kilo 13.6 a tsakiya. Na elaron (abin da ke karkata jirgi dama ko hagu) da ke ratsawa daga fiffike zuwa fiffike laba 40 ne da rangwamen 10. Na rada ba a auna shi haka, domin sifirin ɗin feda ne ke riƙe masa tsauri. Tafiyar elebeta digiri 28 ce sama, 23 ƙasa, ana yarda da ƙarin digiri 1 amma ba a yarda da ragi ba. Duk da haka, ƙanena, ka buɗe manuwal ɗin da ya dace da lambar jirginku da takardar TCDS 3A12, wato takardar bayanan ƙirar jirgin ta FAA, ka kwafo adadin da idonka. Tsakanin wani samfurin 172 da wani akwai bambanci, musamman a tirim.

Tanbokul yana da zaren dama a kai ɗaya, zaren hagu a ɗayan, kuma gefen hagun yana da tsagi kewaye da gangar. A fara ɗaura taminar biyu lokaci guda don zare ya shiga daidai wa daida. Gangar kaɗai ake juyawa, a riƙe taminar biyu da waya ko abin riƙewa. In aka bar tamina tana juyawa, kebul ne ke murɗewa, kuma daga baya zai warware ya zubar da tsaurin. Ba a shafa wa zarensa giris ko mai. Idan an gama, zaren da ke waje a kowane kai bai wuce 3 ba.

Tsarin saitin haka yake. A kulle sitiyari a tsakiya da abin kullewa da manuwal ya zana, ba makullin iska na ajiye jirgi ba sai in manuwal ya ce shi. A daidaita elebeta ta miƙe da fiffiken jela, a riƙe ta a haka. A riƙa ɗaure tanbokul biyun bi da bi, rabin zagaye nan rabin zagaye can, har tsauri ya kai ba tare da elebeta ta gusa ba. Sai a ɗora ma'aunin kusurwa a kanta a mai da shi sifili, a cire makulli, a ja sitiyari har ƙarshe a karanta, a tura har ƙarshe a karanta. Abin lura shi ne madakatar da ke jela ita ce za ta fara tsayar da tafiya. Idan sitiyari ya riga ya bugi allon agoguna ko bangon inji kafin elebeta ta taɓa madakatarta, saitin ya karkata gefe ɗaya, kuma matuƙi ya rasa wani ɓangare na ikonsa ko da tsauri ya yi daidai.

Game da ma'aunin tsauri, irin su Pacific Scientific T5 ba laba suke nunawa kai tsaye ba. Ana sa masa maɗori mai lamba 1 ga kebul 1/16, 3/32 da 1/8 na inci, a karanta allura, sannan a duba jadawalin da ke ɗauke da lambar wannan ma'aunin shi kansa. Jadawalin wani ba ya yi wa wani. A auna a tsakiyar fili mai tsawo, nesa da fuli da tanbokul, a maimaita a wuri biyu ko uku. Mai shakkar ma'auninsa ya rataya nauyin da ya sani a guntun kebul mai kauri iri ɗaya ya gwada. Masu taɓa kebul da yatsa su ce ya yi, a gaya musu ido ba mudu ba ne.

Sai zafi, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Jikin jirgi alminiyam ne, kebul ƙarfe, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe: kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, shi kuwa ƙarfe wajen 12. A tsawon mita 5, idan zafi ya tashi da digiri 25, jiki zai fi kebul tsawo da kusan milimita 1.4, kuma wannan duk tsauri ne ya ƙaru. Shi ya sa manuwal na Cessna ya ce a saita a matsakaicin zafin yankin da jirgin ke aiki. Wanda ya ba kebul laba 40 da asubahin hunturu a Zariya, idan jirgin ya tsaya a rana a Sakkwato a watan Afrilu ya haura iyaka. Wanda kuma ya saita a laba 20 da tsakar rana, a sama inda ake sanyi kebul zai saki. A shigar da jirgi inuwa ya huce na 'yan sa'o'i, a nufi tsakiyar adadin, a rubuta zafin da aka yi aikin a cikinsa. Tsauri ya yi yawa, sitiyari ya yi nauyi, boris da maƙalin fuli su ci wuya. Ya yi kaɗan, a sami wasa a sitiyari, kebul ya riƙa dukan jiki, elebeta kuma ta sami damar karkarwa a gudu, wadda ita ce mafi haɗari.

Kullewa ita ce ta ƙarshe. Ganga MS21251 da kilif MS21256 take aiki, 2 ga kowane tanbokul, kuma kilif da aka cire an jefar ke nan. A daidaita tsagin tamina da na ganga, a zura miƙaƙƙen ƙarshen, a danna ƙugiyar cikin ramin tsakiya, sannan a gwada ciro ta da farce. In ta fito ba ta zauna ba. Idan tsohon samfuri ne mai wayar kulle, ga kebul 1/8 wayar sitenles mai kaurin 0.040 na inci ake sawa, kuma kowane ƙarshe ya naɗe wuyan tamina aƙalla sau 4.

A kan galbanais da sitenles, ni ina ganin jirgin da ke kwana a Legas ko Fatakwal sitenles ya fi masa, saboda gishirin iska.

Baba_Ɗanjuma ya rubuta:

Hajiya Rabi ta gama magana a kan saiti. A batun ƙarfe ne nake da ɗan saɓani da ita.

Duka biyun a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya suke, MIL-DTL-83420. Kebul 1/8 na 7x19 galbanais yana tsinkewa a laba 2,000, sitenles a 1,760. Wannan bambancin ba shi ne damuwa ba, domin duka sun fi ƙarfin abin da hannun matuƙi zai ja. Damuwar ita ce sitenles ya fi saurin cinyewa da gajiya inda ake lanƙwasa shi. Zinkin da ke jikin silin galbanais yana sa su zame a kan juna, silin sitenles kuwa cizon juna suke yi. Ga jirgin da ke arewa, inda ƙura ta fi laima yawa, galbanais ne zaɓina ba tare da wani dogon tunani ba, matuƙar littafin kayan gyara ya amince da lambarsa. Ko a bakin teku, galbanais da ake kula da shi yana nuna tsatsarsa a fili a gani a canza. Don sanin wanne ke jikin jirginku yanzu, Nura, kai masa maganaɗisu: galbanais yana kamawa da ƙarfi, sitenles sama-sama.

Kulawar galbanais ba wuya. A shafa masa maganin tsatsa MIL-C-16173 mai daraja ta 4 a filayen da ba sa taɓa komai. Inda yake hawa fuli ko ratsa feyalid kuwa, a goge mai kaurin a bar shafi kaɗan na mai mara nauyi, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris mai yawa ita ke cin sili. Kada a wanke kebul da fetur ko tina. Akwai man da aka sa a cikin tufka tun daga masana'anta, in ya fita ba ya komawa.

Wani abin da ya kamata ku duba tunda jirgin a buɗe yake shi ne taminar sauran kebul ɗin. Da yawansu da sitenles 303Se aka yi su, kuma wannan ƙarfe yana tsagewa daga ciki idan tsauri da gishiri da shekaru suka haɗu masa. A waje ɗigon tsatsa kaɗan za a gani, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin wayar kulle, alhali ciki ya rube. Wannan ne ya sa FAA ta fitar da umarnin AD 2013-02-13 a kan jiragen Piper PA-28, PA-32, PA-34 da PA-44 da suka kai shekara 15, a duba kebul ɗin jelarsu, a kuma maimaita duk awa 2,000 ko shekara 7. Ostireliya ma ta fitar da AD/GENERAL/87 a 2015 a kan irin wannan tamina. Jirgin 1978 ya ninka waɗannan shekarun. A warware wayar kulle, a goge, a duba da gilashin ƙara girma. Ko rami ɗaya aka gani ba a kankarewa, kebul ɗin gaba ɗaya ake cirewa.

Oda ko haɗawa? A yi oda, da lambar da ke littafin kayan gyara, ya zo da takardar shaidar inganci, wato 8130-3 ta FAA ko Form 1 ta EASA, hukumar jiragen sama ta Turai. Kebul ɗin kasuwa da ake ɗaure eriya da shi, ko da an rubuta na jirgi ne a kwalinsa, ba ya shiga jirgi. Haɗawa sai hangar da NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, ta amince mata kuma take da injin matsa tamina da ma'auninsa. Ga mai son sanin yadda ake yi: da almakashin kebul ake yankawa, ba da wuta ba, domin zafi yana kashe ƙarfin sili. A zura kebul kamar inci 1 cikin tamina, a ɗan lanƙwasa shi don ya riƙe, a tura har ƙarshen rami, a sa alama a bakin. Wuyan taminar kebul 1/8 kaurinsa 0.250 na inci ne kafin matsa, 0.219 bayan matsa, kuma ma'aunin shiga ko ƙin shiga ne ke yanke hukunci. Sai gwajin ja: kashi 60 cikin 100 na ƙarfin tsinkewa, wato laba 1,200 ga galbanais, a ɗora a hankali a riƙe minti 3. Bayan haka a ɗiga jan fenti a mahaɗar kebul da tamina, don in ya zame nan gaba a gani.

Inda zane ya yarda da hannun riga na Nicopress (ɗan bututun da ake matsewa a kan kebul) da timbul (ƙarfen da ke cikin lanƙwasar idon kebul), kebul 1/8 matsa 3 yake so: tsakiya da farko, sai na kusa da timbul, sai na nesa, a bar kamar 1/8 na inci na wutsiyar kebul a waje. Amma inda kamfani ya sa tamina matsattsiya, ita za a mayar.

Nura_Hanga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An buɗe, kuma kamar yadda Injiniya Bala ya faɗa, boris ɗin fulin ya ƙame, gefe ɗaya na raminsa ya baje. An canza shi, kebul biyu galbanais sun iso da takardunsu, an zura su. Yanzu abu biyu ne suka tsaya mana. Ma'auni yana nuna laba 38 a kebul na sama, 24 a na ƙasa. Duka suna cikin 20 zuwa 40, to a bar su haka? Na biyu, tanbokul ɗin kebul na sama yana nuna zare 4 a kai ɗaya, kuma in aka ƙara ɗaurewa tsauri zai haura 40.

Injiniya_Rabi ta rubuta:

Kada a bar su haka, ƙanena. Tazarar laba 14 tana nuna ɗayan abu biyu. Mafi sauƙi, an auna elebeta tana rataye da nauyinta, wanda kebul na sama ke ɗauka, ko kuma makullin sitiyari da abin da ya riƙe elebeta suna ja-in-ja da juna. A tallafe ta a miƙe ba tare da tilas ba, a motsa sitiyari gaba da baya sau da yawa don sabon kebul ya zauna a ramukansa, a sake aunawa. Ya kamata adadin biyu su matso kusa.

Zare 4 ɗin ne ya fi damuna. Ka dubi ɗaya kan gangar. Idan can zare ya nutse ciki sosai, ba a fara ɗaurawa lokaci guda ba, sai a kwance a sake. Idan kuwa can ma zare yana waje, kebul ɗin ya gaza tsawo, kuma kebul mai lamba daidai ba ya gaza tsawo sai in hanyarsa ta ƙaru. Ko ya hau bayan fil ɗin tsaro, ko ya zagaya ta bayan kebul ɗin rada ko na tirim, ko ya bi ramin da ba nasa ba a wani haƙarƙari, ko an musanya na sama da na ƙasa. Tsauri mai yawa da gajarta a kebul guda alama ce da ba a wucewa. A saki tsauri gaba ɗaya, a bi shi daga belkiranki zuwa belkiranki da madubi da yatsa, ana gwadawa da hotunan farko. In an same shi a kan fil, a duba wurin da kyau, sili ya ji rauni an sake oda.

Injiniya_Bala ya rubuta:

Hajiya ta faɗi daidai, kuma ina ƙara jaddada cewa idan an gyara hanyar, saitin daga matakin farko za a sake shi. Ba a taɓa tanbokul don tsauri kawai a tsallake auna tafiya. A ranar 8 ga Janairu 2003 jirgin Beech 1900D na Air Midwest ya faɗi yana tashi daga Charlotte a Amurka, mutum 21 da ke ciki suka rasu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya gano an gyara tsaurin kebul ɗin elebeta an tsallake wasu matakan saiti, sai tafiyarta ta ƙasa ta koma kusan digiri 7, rabin abin da ya kamata. Ranar da lodi ya yi nauyi ta baya, matuƙa suka tura sitiyari har ƙarshe hancin bai sauko ba. A watan Agusta na shekarar, wani 1900D na Colgan Air ya faɗa teku a gaɓar Massachusetts bayan an canza kebul ɗin tirim an juya shi, matuƙa 2 suka rasu. Ƙaramin jirgi ba ya kuɓuta daga irin wannan don ƙanƙantarsa.

Saboda haka kafin a rufe daɓe, mutum na biyu da ya cancanta, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya duba komai da kansa: hanyar kebul, kowane fil, kowane kilif, zaren tanbokul, bol da notin belkiranki. Kada wanda ya yi aikin ya tsaya yana nuna masa inda zai duba. Sannan gwajin alkibla, ɗaya a kujera ɗaya a bayan jela. Na kujera ya motsa ba tare da ya faɗi abin da ya yi ba, na waje ya faɗi abin da ya gani. An ja sitiyari, bakin elebeta na baya ya tashi sama. An tura, ya sauka. An juya tayar tirim zuwa ɗaga hanci, ɗan fiffiken tirim ya sauka ƙasa, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa domin kishiyar elebeta yake tafiya. A haɗa da elaron da rada ko da ba a taɓa su ba, tunda hannu ya shiga inda suke: sitiyari dama, elaron na dama sama na hagu ƙasa, feda ta dama, rada dama. A yi shiru a hanga a motsa komai har ƙarshe a hankali, kunne yana jin gugar da ido bai gani ba. A sake gwadawa bayan an mayar da daɓe da kujeru, domin sukurun da ya fi tsawo yana iya sauka kan kebul.

A ƙirga kayan aiki, a tabbata igiyar ja da tsumma sun fito daga jela. A littafin jirgi a rubuta lambar kowane kebul da ta fulin, lambar takardunsu, tsaurin da aka bari da zafin ranar, digirin sama da na ƙasa, lambar ma'aunin da aka yi aiki da shi, da sa hannun mutum biyun. A gaya wa matuƙin da zai fara tashi da shi abin da aka taɓa. Sabon kebul yana ɗan saki yayin da tufkarsa ke zama, don haka ku sa a jadawali a sake auna tsaurin bayan awa 10 zuwa 25 na tashi, kuma a tanadi sababbin kilif 4 tun yanzu saboda wannan ranar.